Suna na Biyu a Gidan Malam Hussaini

Wata nas ce a ƙaramin asibitin da ke kusa da Ƙarfi ta kira Maijidda a waya. Ta ce akwai wata mata da ta zo sau uku da 'yarta, kullum sai ta yanki kati ta zauna a benci, idan layi ya zo kanta ta ce ciwon kai ne, a ba su magani su tafi.

"Ba ciwon kai ba ne," in ji nas ɗin. "Ki zo ki gan su. Irin aikinku ne."

Maijidda tana da shekara ashirin da bakwai a lokacin. Ta gama makarantar kiwon lafiya, aikin gwamnati bai samu ba, sai ta shiga Ƙungiyar Rakiya, wadda ofishinta ɗaki biyu ne a bayan wani kemis a Funtuwa. Aikinsu raka yara da iyayensu asibiti a kan lalurar da mutane ke jin nauyin faɗa: fitsarin kwance, farfaɗiya, da yaran da aka haifa halittarsu ba ta fito sosai ba, waɗanda ake kira mata-maza. Su cike takarda, su mayar da Turancin likita Hausa, su zauna da yaro lokacin da iyaye suka rasa abin cewa.

Malam Awaisu ne ya kafa ƙungiyar, shi ne kuma ya koya wa Maijidda aikin. Ranar da ta fara ya ba ta littafi mai baƙin bango, ya ce duk abin da yaro ya faɗa mata ta rubuta, don kada ta manta kuma don likita ya amfana idan yaron ya yarda. Sannan ya nuna mata durowar ƙarfe da ake kulle littattafan. Makulli biyu ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun ma'aikaci.

"Maganar yaro amana ce," ya ce mata. "Ko ubansa ya zo da kuka, ba ki da ikon buɗe masa."

Ranar Talata Maijidda ta hau mota zuwa Malumfashi, daga nan ta hau babur. Ta sami matar da 'yarta a bencin ƙarshe na asibitin. Uwar, Lauratu, siririya ce, tana ta murza bakin mayafinta. 'Yar tana zaune ta sunkuyar da kai cikin hijabi ruwan toka wanda ya sauko har gwiwa. Ta fi uwar tsawo. Da Maijidda ta gaishe ta, sai ta ɗaga kai kawai.

"Ba ta magana a waje," in ji Lauratu. "Muryar ce."

Sai da suka koma bayan asibitin, inda babu kowa sai awaki, Lauratu ta faɗi komai. Adawiyya 'yar farinta ce, shi ya sa ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce yarinyar nan. Shekararta goma sha huɗu. Tun haihuwa ungozoma ta ce akwai abin da ba ta gane ba, amma ta ce a bari, zai daidaita. Bara muryarta ta fara kauri. Kafaɗunta suka buɗe, gashi ya fara tsiro a haɓarta, alamun da sa'o'inta mata suka fara nunawa kuwa babu ko ɗaya. 'Yan Islamiyya suka sa mata suna Ɗan-Adawi. Ta daina zuwa. Ta daina zuwa rijiya ma.

Maijidda ta juya wajen yarinyar. "Adawiyya, ba ke kaɗai ba ce. Na raka uku irinki Zariya. Akwai likitar da aikinta ke nan."

Yarinyar ta dube ta a karon farko. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da murya irin ta saurayi. "Su ukun, suna nan da rai?"

"Suna nan. Ɗaya ma tana ajin ƙarshe a sakandare."

Unguwar Maitama, inda Maijidda ta raka su gida, ƙauye ne da masara ta kewaye ta kowace fuska. Malam Hussaini, mahaifin Adawiyya, ya dawo daga zuba taki ya tarar da baƙuwa a tsakar gida. Mutum ne mai sanyin magana. Ya wanke hannu, ya zauna a kan turmi, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. 'Ya'yansa biyar, duk mata.

"Malama, na je wajen liman," ya ce. "Ya ce abin nan sananne ne, malamai sun yi babi a kansa, ba laifin kowa ba ne, halittar Allah ce. Wannan na yarda. Abin da ya dame ni bakin mutane. In na shiga masallaci sai a yi shiru. Ni dai a gaya mini abu ɗaya, in san me zan ce."

Ta ce masa ba ita za ta faɗa ba, gwaji za a yi, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Ya ce ya amince.

Sau uku suka je asibitin koyarwa a Zariya cikin wata biyu. Maijidda takan tare su a tashar Funtuwa da ƙosai a leda, su shiga mota tare. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tara su a zuwa na uku, ta ce a rufe ƙofa.

Ta yi bayani a hankali, Maijidda tana ƙara fayyace inda ya shige duhu. Gwajin jini ya nuna ƙwayar halitta irin ta maza. Babu mahaifa. Amma jikin bai ginu kamar na sauran maza ba tun a ciki, shi ya sa aka ɗauka mace ce aka raine ta a haka.

Malam Hussaini ya gyara zama. "To, namiji ne ke nan."

"Jini ya faɗi nasa," in ji likitar. "Saura mai jikin. Shekara goma sha huɗu tana rayuwa a matsayin mace, ba a kwance wannan a yini ɗaya. Na ga waɗanda suka koma maza suka ji daɗi, na ga waɗanda suka zauna mata suka ji daɗi. Waɗanda na gani sun wahala su ne waɗanda aka yanke wa hukunci ba a tambaye su ba. Ba abin da ke barazana ga lafiyarta yanzu. Ku ba mu wata uku. Za ta riƙa ganin mai ba da shawara, za mu zauna da ku, ku zo da malaminku in kuna so. Kafin nan kada a canza komai, kada a sanar da kowa. Malam, ka yarda?"

Ya dubi 'yarsa, wadda ta ƙura wa ƙafar tebur ido. Ya dafa ƙirji. "Na yi alkawari. Wata uku."

A cikin watannin nan ne Adawiyya ta saki jiki da Maijidda. Duk Alhamis Maijidda takan je ƙauyen, su ɗauki tabarma su tafi gindin mangwaron da ke bakin gonar waken suya, inda ake hango mai zuwa tun daga nesa. Da farko hirar ƙannenta take yi, da akuyarta mai cin sabulu. Daga baya ta fara tambaya. Idan ta zauna mace, wa zai aure ta? Idan ta koma namiji, a wane sahu za ta tsaya ranar Juma'a, kusa da yaran da suka sa mata suna? Ƙannenta za su ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da ita?

Wata Alhamis, ana yayyafi, Adawiyya ta ce, "Anti, in faɗa miki wani abu, ba za ki gaya wa Baba ba?"

"Ba zan gaya masa ba."

"Ko Inna?"

"Ko ita. Zan rubuta a littafina, a kulle. Ba mai gani sai kin ce a nuna wa likita."

Adawiyya ta tsinko ganye tana yagawa. "Wani lokaci, in ina huɗa tare da Baba, ko na ɗauki buhu na ji ƙarfina, sai in ji kamar ni namiji ne tun asali. Har daɗi nake ji. Amma in na dawo gida na ga Inna tana yi wa ƙannena su Amina kitso, sai in ji in an cire ni daga cikinsu mutuwa zan yi. Ina son lallena. Ina son sunana. Ban sani ba, Anti. Wallahi ban sani ba. Kar a tambaye ni yanzu."

"Ba wanda zai matsa miki," in ji Maijidda. "Rashin sanin ma amsa ce. Haka za mu gaya wa likita in kin yarda."

Da ta koma Funtuwa da la'asar ta rubuta maganar yadda aka faɗe ta, ba ta rage ko kalma ba. Ta sa littafin a durowa ta murɗa makulli.

Sati biyu bayan haka yayar Maijidda ta haihu a Matazu, haihuwar ta zo da tangarɗa, aka yi mata aiki. Maijidda ta nemi hutun kwana goma. Malam Awaisu ya ce ta tafi, zai kula da komai. Ta kira Lauratu ta gaya mata Alhamis biyu ba za ta zo ba.

A kwana na takwas, da hantsi, tana wanke kayan jariri, wayarta ta yi ƙara. Lauratu ce, tana magana da sauri kamar wadda ta ɓuya.

"Malama, me muka yi miki?"

"Yaya Lauratu, lafiya?"

"An yanka rago. An yi aski. Tun jiya ba ta ci komai ba. Ke kika ce ba mai ji."

Wayar ta katse. Maijidda ta kira sau huɗu ba a ɗauka ba. Ta bar kayan a cikin baho, ta yafa mayafi ta nufi tasha.

Azahar ta wuce lokacin da babur ya sauke ta a Unguwar Maitama. A ƙofar gidan akwai tabarmi da ba a naɗe ba, da ɓawon goro, da fatar rago an shanya a kan dangar kara. Wasu dattawa biyu da suka rage suka amsa sallamarta da fara'a, ɗaya ya ce, "Ai ku ne 'yan asibitin? Allah ya saka da alheri. Kun fitar da bawan Allah daga duhu."

Malam Hussaini ya fito da sabuwar hula. Ya yi mata maraba da gaske, har ya sa a kawo mata nama.

"Malam," ta ce, "wata uku kuka ce. Saura sati biyar."

"Na ce. Amma ai jiran na mene ne? Don a ji ta bakinsa ne. To an ji."

"A wajen wa?"

"A ofishinku. Na je ranar Litinin neman ki, aka ce kin yi tafiya. Na zauna da Malam Awaisu, na gaya masa halin da nake ciki, ko kasuwar Ƙarfi na daina zuwa saboda tambaya. Mutumin kirki, ya tausaya mini. Ya buɗe littafinki ya karanta mini da bakinsa. Yaron ya ce in yana huɗa tare da ni yana jin shi namiji ne tun asali, har daɗi yake ji." Idanunsa suka kawo ruwa. "Malama, shekara goma sha huɗu ɗana yana gabana yana jin kunyar gaya mini. Jini ya faɗa, shi ma ya faɗa. Me zan jira? Na sa masa Muhammad Awwal."

"Abin da ya karanta muku ke nan? Bai ci gaba ba?"

"Akwai ci gaba?"

Maijidda ta dubi ƙofar gidan. In ta faɗi sauran, ta ƙara buɗe abin da aka ba ta amana. In ta yi shiru, rabin maganar ya zauna a matsayin gaskiya. Ta ce, "Ku ba ni izini in shiga."

Lauratu tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ta nuna ɗakin da ke kusa da zaure da haɓa. Da can nan ake ajiye buhunan taki. An share shi, an shimfiɗa katifa, an kawo akwatin Adawiyya daga ɗakin 'yan'uwanta.

Adawiyya tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, cikin sabon yadi ruwan sararin sama wanda ɗinkinsa ya yi mata yawa. An aske kan tas. A tafin hannunta da yatsunta lallen sati biyu da suka wuce yana nan bai gama fita ba. Kunnenta da hujin 'yan kunne babu komai a ciki.

Maijidda ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta rasa ko ta ce sannunki ko sannunka, sai ta ce, "Sannu."

Adawiyya ta ƙura wa lallen hannunta ido, sai Maijidda ta ci gaba.

"Ban ba shi ba. Ina Matazu. Wallahi ban san Malam Awaisu ya buɗe littafin ba."

"Ke kika rubuta." Muryar ta fito a bushe. "Baba ya maimaita mini a gaban kawunnaina. Kalmomina ne, har da buhun. Suka yi ta dariya suna dafa kafaɗata. Wanzami yana aski suna cewa ashe jarumi ne."

"Kin gaya wa Baba sauran?"

"A gaban mutum goma sha wani abu? Bayan an riga an sayo rago?" Ta juyar da fuska bango. "Na tambaye ki sau biyu, Anti. Ki tafi."

Maijidda ta daɗe a durƙushe. Da ta ga ba za a ƙara ce mata komai ba, ta tashi. A tsakar gida Amina, mai bin Adawiyya, ta biyo ta da gudu ta riƙe mata mayafi, ta ce an hana su shiga ɗakin Yaya sai da sallama, kuma wa zai riƙa kwana da su yanzu? Maijidda ta shafa kanta ta wuce.

Washegari da safe ta riga kowa zuwa ofis. Littafin yana cikin durowa, a inda ta bar shi, sai dai an naɗe kusurwar shafin. Malam Awaisu ya shigo wajen ƙarfe tara da jarida a hammata, ya yi mata barka da dawowa, ya tambayi mai jego.

Ta ajiye littafin a buɗe a kan teburinsa. "Malam, karanta mini wannan shafin. Duka."

Ya duba, ya cire tabarau. "Maijidda, zauna."

"Layi shida ne. Biyu ka karanta masa."

"Mutumin nan ya zauna a kujerar nan awa biyu yana kuka. Dattijo, mai iyali. Ya ce ya fara tunanin sayar da gona ya bar garin. Ki ce in sallame shi hannu wofi?"

"Kai ka ce mini ko uba ya zo da kuka."

"Na ce, kuma a yawancin lokuta haka ne. Amma aiki sai da hankali. Sakamakon gwaji a fili yake. Shekarata goma sha biyu a wannan aikin, irin wannan lalurar kusan duk maza suke komawa. Can za a je ko an jima. Na rage wa gidan wahalar sati biyar ne kawai."

"To me ya sa ba ka karanta masa inda ta ce in an raba ta da 'yan'uwanta mutuwa za ta yi ba? Inda ta ce kar a tambaye ta yanzu?"

Ya juya tabarau a hannu. "Wannan tsoro ne na yarinta. Zai wuce. In na karanta masa wannan sai in ƙara rikita shi."

"Ka san dai abin da kake yi ke nan. Ka zaɓa."

"Ki iya bakinki, Maijidda. Ni na kawo ki nan."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo. Shekara uku tana ɗaukar maganarsa kamar karatu. A gaban iyaye da yawa ta maimaita kalmominsa, tana alfahari da cewa a ƙungiyarsu ba a sayar da sirrin yaro. Da bakinta ta gaya wa Adawiyya ba mai gani, alhali ta san makulli biyu ne. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa na biyun abin tsoro ne ba.

Ta rubuta takardar ƙorafi ga kwamitin amintattu na ƙungiyar, mutum biyar. Ta kuma kira likitar Zariya ta gaya mata an yi suna, kuma abin da uban ya ji rabin magana ne. Ba ta faɗi ɗaya rabin ba. Likitar ta yi ajiyar zuciya, ta ce a kawo su ranar da aka sa tun farko, kuma ba za ta taɓa jikin kowa da wuƙa ko allura ba sai ta ji daga bakin mai jikin, ita kaɗai a ɗaki.

Da ranar komawa Zariya ta zo, an fara karyar masara. Maijidda ta jira su a tashar Funtuwa kamar kullum. Malam Hussaini ya sauko daga mota, sai Lauratu, sai Adawiyya cikin yadin nan da hula. Gashin ya fara tsirowa. A motar Zariya ɗan kamasho ya nuna wa Adawiyya kujerar gaba tare da mahaifinta, ya ce maza biyu gaba. Lauratu da Maijidda suka zauna a baya.

Likitar ta ce kowa ya fita sai mai lalurar. Ta tambaya ko ana so Maijidda ta tsaya, kamar yadda aka saba.

"A'a," in ji Adawiyya.

Sun fi awa ɗaya a ciki. Malam Hussaini yana ta kai da kawo a baranda. Da aka kira iyayen, Maijidda ta zauna a benci ita kaɗai. Can sai ga Adawiyya ta fito, an ce ta jira a waje. Babu wani wurin zama, dole ta zauna a ƙarshen bencin.

"Na gaya mata duka," ta ce, ba ta kalli Maijidda ba. "Ta ce in na yarda za ta gaya wa Baba a gabana. Na ce ta gaya masa ba a gabana ba."

"Kin kyauta wa kanki."

"Me zai canza? Garin duk sun ci naman." Ta cire hular ta riƙe a hannu tana kallon cikinta. "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Wataƙila da an bar ni, da kaina zan ce a yi hakan. Wataƙila. Ranar da na tuƙa babur ɗin Kawu na ji daɗi. Amma yanzu duk lokacin da na ji daɗin sai in tuna ba ni na ce ba. Ba zan taɓa sanin wanne ne nawa ba."

Maijidda ta ce, "Ki yafe mini."

"Ba ke kika karanta ba, na sani. Inna ta gaya mini." Ta mayar da hular. "Amma ke na gaya wa."

Malam Hussaini ya fito daga ɗakin likita fuskarsa ta canza. Bai dubi kowa ba. A tasha ya sayi ruwa ya miƙa wa Adawiyya, ya buɗe baki zai kira suna, sai ya fasa, ya ce, "Ungo." Kafin su rabu a Funtuwa ya matso kusa da Maijidda, ya ce da ya san akwai saura da bai yi ba, kuma shi da Malam Awaisu sai a gaban Allah. Sannan ya ce, cikin ladabi, ta ɗan dakata da zuwa gidan.

Kwamitin ya zauna bayan wata guda. Suka saurari kowa, suka ce Malam Awaisu ya yi kuskure amma da kyakkyawar niyya, suka ja masa kunne da baki. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji mai shagon taki, ya ce shi bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba tunda yaron namiji ne kuma uban ya gode. A rahoton ƙarshen shekara an lissafa gidan Malam Hussaini cikin waɗanda aka kammala da nasara. Maijidda ta ajiye makullinta a watan da ya biyo baya. Ta samu aiki a wani asibitin haihuwa mai zaman kansa a Malumfashi, tana auna masu ciki.

Bayan ƙaramar Sallah Lauratu ta kira ta, karo na farko tun Zariya. Ta ce sun kai yarinyar nan Bakori wajen kawunta mai gyaran injin ban-ruwa, inda ba a san tarihin ba. A can Awwal ake kira, ana koyon gyara, kuma hannun ya iya. Ba a yi tiyata ba, likita ta ce sai an shekara ana zuwa ana magana. Duk sati biyu ana zuwa gida, kuma Malam da kansa ya ce a bar ta ta ci abinci tare da ƙannenta a kwano ɗaya kamar da. Yau ma tana nan, ta zo jiya.

"Yaya Lauratu, ko zan iya gaishe ta?"

Aka rufe bakin wayar da hannu. Maijidda tana jin kukan akuya da ƙarar taɓarya daga nesa, da muryoyi biyu ƙasa-ƙasa. Aka daɗe.

"Malama," in ji Lauratu da ta dawo, "ya ce... ta ce a bari tukuna."

"To. Ba komai. A gaishe da su Amina."

"Za su ji."